Sunan Da Na Kai Ofis Ban Faɗa Ba

Tun da na dawo daga Dutse, ga shekaru sun tura, matan garinmu ba su bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan makoki ma da an shafa addu'a sai wata ta matso ta ce, "Iya Abu, wai da gaske kin shiga ofis kin zauna a kujera mai juyawa?" Na gaji da maimaitawa, ga haƙora sun zube, magana tana yi mini nauyi. Shi ya sa na ce a ɗauko takarda, ni in faɗa a rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Amma abin da idona ya gani yana nan daram.

Bazarar da ta biyo bayan kawo Shari'a ce, ana jiran ruwan shuka. Saude, 'yata ta uku, tana aure a Dutse, tana kuma aiki a wani ofishi da ke raba wa manoma iri. Cikin fari ne da ita. A al'adarmu gida za ta taho ta haihu, ta yi wanka a hannuna. To aiki ya riƙe ta, yau za ta taho, gobe za ta taho, sai naƙuda ta riga ta shiri. Wani direba ne ya kawo saƙo: an sauka lafiya, an sami mace, a zo.

Na haɗa kaya. Kanwa, gero, yajin jego da na daka da hannuna, man shanu a kwalba, kaji biyu a akurki. Malam, mai gidanmu, Allah ya jiƙansa, ya sa aka ɗaura wa shanu amalanke, ya raka ni har bakin titi a Taura. Da mota ta tsaya ya ce, "Ki kula da ita, kada sanyi ya shige ta." Ya san abin da yake faɗa. Yayata Hajara ta karya jego don ta je girbin gero, kumburi ya kama ta, ba ta ga yaye ba. Tun daga ranar ba na wasa da wankan maijego.

A Gujungu muka sake mota. A nan na fara ganin sabon tsari: mata a baya, maza a gaba, kwandasta yana ta jera mu kamar tukwane. Wani tsoho ya dage sai ya zauna kusa da matarsa, wai ita ke riƙe masa goro. Direba ya ce, "Baba, ka karɓi goronka ka dawo gaba, in mun isa ka mayar mata da ajiyarta." Matar ta ce, "Ku ɗauke shi, don Allah, in huta da tari." Muka yi ta dariya har Jahun.

Bayan Jahun muka tarar da shinge. Samari ne da kaki da hula, suna duba motoci ko an ɓoye giya. Da ladabinsu, ba zan yi musu ƙarya ba, sai da suka gaishe mu. Ɗaya ya ɗauko ƙullina ya ce, "Iya, mene ne a nan?" Na ce, "Na mata ne, ɗan nan, kada ka buɗe." Jin haka sai ya ƙara zargi. Ya kwance, ya kai hanci, ya ja numfashi. Yajin jego ne, barkono da citta da masoro da kimba. Bawan Allah ya yi ta atishawa, hawaye na zuba, hularsa ta faɗi, 'yan uwansa suna riƙe ciki. Da kyar ya ɗaga hannu ya ce mu wuce, Allah ya raya abin da aka samu.

Da la'asar duwatsu suka bayyana, manya-manya, wani a kan wani, kamar an ɗora da hannu. Na tambayi ta kusa da ni ko ba sa gangarowa kan mutane. Ta ce tun tana yarinya haka ta gan su. A tasha surukina yana jirana. Ya durƙusa har ƙasa, na juya kai gefe na amsa. Malamin makaranta ne, kowa a garin Ticha yake ce masa, har ya zama kamar ba shi da wani suna. Ya so ya ɗora ni a acaɓa, na ce ko a mafarki. Sai da ya nemo tasi.

Gidan haya ne a Yalwawa, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida na siminti. Ruwa a famfo, girki a risho. Na duba na duba, na ce, "To a ina ake dafa ruwan wanka?" Saude ta nuna mini wata 'yar tukunya da ko kan akuya ba za ta ɗauka ba. Na ce innalillahi. Washegari da sassafe na sa aka samo rabin ganga, na ɗauko duwatsu uku a bayan gida, garin ba ya rashin dutse, aka sayo itace, na karyo ganyen darbejiya. Maƙwabta suka leƙo suna kallon hayaƙi kamar an kunna gobara. Abincinsu kuwa, shayi da burodi da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare. Na ce maijego ba ta rayuwa da wannan. Na dama kunun kanwa, na tuƙa tuwon dawa, na gasa kaza na barbaɗa yaji. Kafin suna fuskarta ta fara cikowa.

Bayan suna da kwana kaɗan, da hantsi, na gama yi mata wanka ke nan, na naɗe ta da zane, sai ga sallama. Direban ofishinsu ne. Ya tsaya a zaure ya ce shugaba, Alhaji Ubale, yana gaisuwa, ya ce Saude ta shirya ta zo yanzu, ga mota. Na ce ta zo ina? Ya ce ofis. Na ce da jinin haihuwa a jikinta? Ya ce shi dai aike ne, kuma Alhaji ya ce in ba za ta iya ba, a faɗa masa ya nemi wanda zai iya.

Na koma ɗaki na tarar da Saude tana kuka tana neman mayafi. Na zaunar da ita na ce ta yi mini bayani yadda zan gane.

Ga yadda abin yake. A ofishin akwai kwamfuta huɗu. Ɗaya ce uwa, a cikinta aka zuba sunayen garuruwa da manoma da irin da kowa zai samu. Sauran ukun daga cikinta suke ɗiba, kamar rijiya ɗaya da guga uku, kowa yana ja lokaci guda. Ba a buɗe ta sai da wata kalma, kalmar sirri suke ce mata. Da can kowa ya san kalmar, har mai shara. Ran nan aka wayi gari an goge gari guda sukutum, aka rasa wanda ya yi, kowa ya rantse. Sai Alhaji ya yi fushi ya ce daga yau mutum ɗaya ne zai riƙe kalmar, ya zaɓi Saude. Ita ce ke zagayawa da safe ta buɗe wa kowa. Ranar da naƙuda ta kama ta, a buɗe ta bar su, suka yi ta lallaɓawa ba sa kashewa. To jiya wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, komai ya rufe. Ga manoma a bakin ƙofa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na ce, "To ki rubuta a takarda a ba direba."

Ta ce, "Inna, an hana. Injiniyan da ya haɗa mana su ya sa na yi alkawari ba zan rubuta ba, ba zan faɗa wa kowa ba. In na ba direba, kafin ya isa rabin Dutse sun sani."

"To ni ki faɗa mini, in kai. Ni ban iya rubutu ba balle in rubuta, ban san kowa a garin nan ba balle in yi tsegumi."

Ta ja zane ta rufe fuska. Na ce, "Ke, zagi ne?" Ta girgiza kai. Can daga cikin zanen na ji ta ce, "Inna, sunan mai gidan nan ne. Na yanka."

Na ce, "Me ya kai ki?"

"An ce in zaɓi abin da ba zan manta ba, kuma ba za a taɓa ji a bakina ba." Ta kama hannuna. "Don Allah, Inna, kada ya sani. Kada kowa ya sani. Madam Rifkatu, abokiyar aikina, kaɗai za ki faɗa wa, a kunne."

Na ce na ji. Na yafa mayafina na bi direba. A raina ina cewa abu mai sauƙi: in ce sunan mijinta ne, shi ke nan, in dawo kafin ruwan yamma ya tafasa.

A ƙofar ofis na ga manoma zaune a inuwar bango, irin mutanenmu, da buhuna a naɗe a hammata. Na gaishe su suka gaishe ni. Maigadi ya tare ni ya ce in sa hannu a littafi. Na ce ban iya ba, ya shafa mini tawada a babban yatsa na dangwala. Da aka tura ƙofar ɗakin, wani sanyi ya doke ni har cikin ƙashi, ga shi a waje rana na ƙona ƙafa. Wani akwati ne a jikin bango yake hura shi. Na tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. Aka ce a'a, don kwamfutocin ne, ba sa son zafi. Na tsaya na dubi ɗakin nan da kyau. Nan ake so a kawo mini maijego ta wuni.

Alhaji Ubale dogo ne, mai furfura a gemu, babbar rigarsa ta sha guga. Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Na ce, "Ban je ba tukuna, ranka ya daɗe, Allah dai ya kira mu." Ya ce ina Saude? Na ce tana inda ya kamata ta kasance, ni na kawo saƙon. Akwai wani mutum siriri a gefe da jakar ƙarafa, Malam Nasiru, shi ne injiniyan, daga Kano aka kira shi da safe. Ya ce shi kansa ba shi da hanyar shiga sai da kalmar. Sai Madam Rifkatu, mace mai jiki da fara'a, Kirista ce daga kudancin Bauchi, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta jawo mini kujera. Ina zama ta juya da ni, na kama tebur ina salati. Ta ce, "Mama, kada ki ji tsoro, ba ta kai kowa lahira ba tukuna."

Na jawo kunnenta na raɗa mata, "Sunan mijinta ne."

Ta ware ido, ta danne dariya, ta raɗa mini, "Ticha?"

"Na yanka."

"To mene ne na yankan? Mu Ticha muka sani."

Nan ƙasa ta tsaya mini. Wallahi sai a lokacin na tuna. Surukina ne. Tun ranar da aka kawo gaisuwar neman aure sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Akwai yaro a maƙwabtanmu mai irin sunan, shi ma sai na koma ce masa Mai Suna. Saude ta zaɓi abin da bakinta ba zai faɗa ba, ta kuma aiko wadda bakinta ya fi nata nauyi.

Rifkatu ta ce, "Mama, faɗi mana, a kunnena ne."

Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Na sake buɗewa, ya ƙi. Alhaji ya ƙosa ya ce, "Wai me ake ciki?" Rifkatu ta ce, "Oga, maganar mata ce." Ya ce, "Maganar mata ta tsayar mini da mutum ɗari a rana? Direba, koma ka ɗauko ta."

Na ce, "Tsaya." Na sake jawo Rifkatu na ce, "Kin san Annabin nan da ya shiga jirgin ruwa, aka jefa shi, kifi ya haɗiye shi?"

Baiwar Allah ta yi tsalle ta tafa hannu. "Mu ma muna da shi a littafinmu!" Ta kwaɗa sunan da ƙarfi, har maigadi ya leƙo. Ni dai har yau ba zan faɗa ba, duk wanda ya san kifin ya san mai sunan. Ta juya ta danna maɓallai, wasu ɗige-ɗige suka fito a gilashi, sai abin ya buɗe. Samari biyun da ke aiki a sauran kwamfutocin suka yi kabbara. Ɗaya ya ce, "To wane ne shi?" Ɗayan ya ce, "Kai, ba sunan Ticha ba ne? Na gani a katin ɗaurin aure." Sai ɗakin ya kece da dariya. "Ashe kullum da safe da sunan Ticha ake buɗe mana!" "Sau huɗu, malam, kwamfuta huɗu!" Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska kamar ni ce amaryar.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To an koma gidan jiya. Yanzu kowa ya sani. Gobe da safe ta zo ta sa sabuwa, ta ci gaba da buɗewa kamar da. Awa ɗaya ce kullum, a kai ta a dawo da ita."

Na sauko daga kujerar nan mai juyawa, na shimfiɗa gefen mayafina a ƙasa, na zauna sosai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ofis naka ne, aiki naka ne. In ka kore ta, Allah ne mai ciyarwa. Amma ƙafarta ba za ta taka ɗakin nan mai sanyi ba sai ta yi arba'in. Na binne yayata a kan haka. Kai ma wata ce ta haife ka, wata kuma ta dafa mata ruwa, ba wanda ya aiko mata da mota."

Ya shafa gemu. Malam Nasiru ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, abin da na faɗa tun bara ke nan. Kalma ɗaya a bakin kowa ba kulle ba ce, kalma ɗaya a bakin mutum ɗaya kuma ka ga inda ta kai mu. Tunda yanzu a buɗe take, bari in yanka wa kowa tasa. Kowa ya shiga da sunansa da kalmarsa, duk su yi aiki lokaci guda, wanda ya taɓa wani abu kwamfutar za ta rubuta cewa shi ne. Masu shigar da suna ba za su iya gogewa ba. Babbar kalmar kuma, mai iya komai, mutum biyu za su riƙe, Saude da kai."

Alhaji ya ce, "Ni? A'a, a bar ni."

Rifkatu ta ce, "Mama, kin san dalili? Oga bai taɓa taɓa ta ba. Tsoronta yake ji kamar yadda kika ji tsoron kujera."

"Rifkatu, ki kiyaye ni."

"Oga, yatsa ɗaya ya isa. Za mu juya baya."

Haka kuwa aka yi. Kowa ya zo bi da bi, ya kare maɓallai da hannu ɗaya kamar mai ɓoye ƙosai, ya danna abinsa. Da aka zo kan Alhaji, duk suka juya suna kallon bango, har ni. Ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau, muna jin ƙwas, sai a daɗe, sai ƙwas. Wani daga samarin ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya sa ba sunan Hajiyarsa ba ne." Alhaji ya ce, "Na ji ka." Daga nan aka buɗe taga, aka fara kiran manoma. Na ga Rifkatu da samarin nan kowa yana aiki a gabansa, abin da wannan ya zuba sai ya bayyana a wurin wancan. Alhaji ya rako ni har mota ya ce, "Iya, ki ce mata kujerarta tana nan. Ta yi wankanta."

Mai wuyar ita ce komawa gida. Ban ɓoye wa Saude ba. Ta kifa kai a filo ta ce ita da ofis har abada, da wane ido za ta kalle su? Na ce da idon da kike danna sunan kullum da safe. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake kuka. Na ce tashi, ruwa ya tafasa.

A daren Juma'ar nan ruwan shuka ya sauka. Rifkatu ta zo barka da sabulu da atamfa, tun daga zaure take kiran, "Ina matar mai kifi?" Saude ta jefe ta da filo. Dutse kuwa ƙaramin gari ne a lokacin, labari ya kai kunnen Ticha. Sai na ga an sauke itace amalanke guda a ƙofar gida, wanda ko jego uku ba zai cinye ba. Sai na ga kullum da yamma ya shigo da tsire a takarda, ya ajiye a bakin ƙofa ya wuce yana kallon ƙasa.

Saude ta cika arba'in ba ta leƙa ko zaure ba. Ta fito jawur, wuyanta ya yi layi. Ran Litinin ta goya 'yarta ta koma aiki, na sa ta saka rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi. Da ta dawo na tambaye ta ko ta sa sabuwar kalmar. Ta ce ta sa. Na ce wace ce? Ta ce, "Inna, wannan karon ko ke." Na ce madalla.

Washegari surukina ya kai ni tasha. Ya biya mota, ya sa mini kaya, ya sayo burodi na tsaraba. Da direba ya tada inji, sai ya durƙusa a gefen taga, idonsa a ƙasa, ya ce, "Inna, an ce ko a ofis ɗin ba ki faɗa ba."

Na juya kai gefe na ce, "Ban faɗa ba."

Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Mota ta ja, na waiga na hango shi a durƙushe bai tashi ba, har muka sha kwana.

Iyakar abin da na gani ke nan a Dutse. Wadda ta sake tambaya, a miƙa mata takardar.